Dariya a Bakin Rumbu: Nazarin "Fitinar Tiribul" da Hukuncin Masu Kallonsa

I

Akwai wata al'ada da ta daɗe da zama a wajen masu koyar da adabin Hausa, watau in an gama karanta littafi ko kallon wasa, tambayar farko da akan yi wa ɗalibi ita ce wane darasi ya koya. In ya iya tsamo gargaɗi ko wa'azi, sai a ce aikin yana da nauyi. In kuwa bai sami kome ba sai dariya, sai a sa aikin cikin jerin na raha da nishaɗi, a wuce. Wannan ma'auni yana da sauƙin koyarwa, da sauƙin ba da maki ranar jarrabawa, amma yakan zalunci aikin da ya ɗora magana mai nauyi bisa ban dariya, har nauyin ya ɓuya.

Ana iya gwada ma'aunin da wani wasan telebijin na ƙasar Amurka, wanda masu shirya shi da masu kallonsa suka saɓa a kan darajarsa. Wasan yana cikin irin ƙagaggun labaran nan na kimiyya, masu tafiya cikin sararin samaniya. Irin wannan ƙage ba baƙo ba ne ga Hausa, gama tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi tafiya sama tare da wani baƙon halitta. Dalilin zaɓen wasan Amurkan kuwa shi ne, ko da yake a sama aka kafa shi, tushen rigimarsa irin alkama ne da aka tara a rumbu don noman sabuwar ƙasa. Saboda haka akwai alƙalan da suka fi mutanen birnin Los Anjalas cancantar auna shi, su ne manoman rani na ƙasar Kura da Bunkure, cikin Jihar Kano, waɗanda alkama da iri da ɓarnar ƙwari su ne hirarsu ta kullum.

II

Shirin Star Trek ya fara fita a gidan telebijin na NBC ran 8 ga Satumba, 1966, aka tsai da shi cikin 1969 bayan kashi 79. Labarinsa na wani kumbo ne mai suna Enterprise, na wata Tarayyar duniyoyi, wanda Kyaftin Kirk ke jagoranta. Yawancin kashe-kashensa na tashin hankali ne da mutuwa da muhawara. Ran 29 ga Disamba, 1967, aka nuna kashin da ake kira The Trouble with Tribbles, watau "Fitinar Tiribul". Wani saurayi ɗan shekara 23, David Gerrold, shi ya rubuta shi, shi ne kuma rubutunsa na farko da aka saya. Joseph Pevney ya ba da umurni.

Ga yadda labarin yake. Akwai wata duniya da Tarayya da abokan gabanta, mutanen Kilingon, ke jayayya a kanta. Sharaɗin sulhun da ke tsakaninsu shi ne, wanda ya fi iya raya ta shi zai mallake ta. Tarayya ta dogara ga wani irin hatsi mai suna kwadirotiritikal, wanda shi kaɗai ne daga hatsin duniyarmu zai yi a can, an kuwa tara shi a rumbunan wata tasha ta sararin samaniya. Babban ma'aikacin gona mai kula da irin, Nilz Baris, ya buga kiran gaggawa irin na yaƙi don a zo a yi gadinsa. Kirk ya zo a guje, da ya ga hatsi ne kurum sai ya husata, ya ba da masu gadi biyu da ƙyar.

A tashar akwai wani ɗan koli, Cyrano Jones, mai tallan wata 'yar dabba dunƙulalliya, gashi ne zalla, ba kai ba ƙafa, in an shafa ta sai ta yi gurnani mai daɗi kamar kyanwa. Ita ce tiribul. Ya ba wata ma'aikaciyar kumbo, Uhura, guda ɗaya kyauta. Kafin a farga dabbar ta cika kumbo, gama likita McCoy ya gano da ciki ake haihuwarta, in dai ta sami abinci sai haihuwa. Ta bi kafofin iska ta shiga rumbun tasha. Da Kirk ya buɗe ƙofar rumbu ta bisa kansa, sai tiribul suka zubo masa har suka binne shi zuwa ƙirji, hatsi kuwa sun cinye. Sa'an nan aka lura da yawansu sun mutu, wasu suna gargara. Ashe an sa wa hatsin wata cuta mai hana jiki amfani da abinci, mai ci yana ci yana mutuwa da yunwa. Dabbar kuma ba ta jituwa da Kilingon, in ta kusance shi sai ta yi tsuwa. Ta haka ta tona asirin mataimakin Baris, Arne Darvin, wanda ashe ɗan leƙen asirin Kilingon ne da aka sāke wa kama. Daga ƙarshe injiniya Scott ya tura sauran dabbobin cikin kumbon Kilingon, aka watse ana dariya.

III

Masu kallo sun karɓi wannan kashi hannu biyu. Cikin 1968 aka sa shi takarar lambar Hugo, wadda ma'abota ƙagen kimiyya da kansu suke jefa wa ƙuri'a. Wasanni biyar da suka yi takarar a shekarar duk na Star Trek ne, wanda ya ci kuwa shi ne The City on the Edge of Forever na Harlan Ellison, labarin baƙin ciki. Watau ko a wajen masoyan, ranar da aka zo rabon girma, hawaye ya rinjayi dariya. Amma a wajen tunawa da maimaita kallo, tiribul bai sauka daga sahun gaba ba. Mutane suka riƙa ɗinka dunƙulen gashi suna kai shi tarurrukansu, 'yan kasuwa suka mai da shi abin wasan yara. Cikin 1973 Gerrold ya fitar da littafi guda a kan yadda aka yi kashin. Har masu binciken halitta, da suka gano wata ƙwayar gado mai tsara rabuwar ƙwayoyin jikin ƙuda cikin shekarar 2000, sunan dabbar suka ba ta.

Masu shiri kuwa bakinsu bai zo ɗaya da na masu kallo ba. Gerrold ya ba da labari cewa ya kawo ci gaban labarin don zango na uku, amma sabon mai shiryawa, Fred Freiberger, ya ƙi, bisa hujjar cewa Star Trek ba wasan ban dariya ba ne. Sai cikin 1973 aka yi ci gaban, a shirin zane na yara. Hujjar Freiberger ita ce dai ta malamin da aka ambata da farko: abin da ya ba da dariya ya rage wa shiri kwarjini.

Lokaci ya goyi bayan masu kallo. Da shirin ya cika shekara 30, cikin Nuwamba 1996, masu shirya Deep Space Nine, ɗaya daga 'ya'yan Star Trek, suka nemi kashi guda da za su girmama uban da shi. Cikin 79 ɗin nan, wannan suka ɗauka, suka saka 'yan wasansu cikin tsofaffin hotunansa. Tambayar da ta rage ga mai nazari ita ce, me ya sa wannan dariya ta daɗe, alhali wasu kashe-kashen ban dariya na shirin an manta da su?

IV

Amsa ta farko tana cikin ginin wasan. Ba wanda ya fita daga halinsa don ya ba da dariya. Kirk yana nan da girman kansa, Spock da lissafinsa, Scott da son injinsa. Abin da aka sāke shi ne girman abokin gaba. Jarumin da ya saba karawa da rundunoni an haɗa shi da abin da ba shi da haƙori, ya kuwa sha kashi. Mai sauraron tatsuniya ya san wannan tsari tun yana goye, gama haka Gizo yake kunyata zaki da kura, ƙaramin abu ya kayar da mai taƙama.

Misali mai kyau shi ne faɗan mashaya. Wani Kilingon ya zagi Kirk a gaban mutanensa, Scott ya hana kowa tashi. Da ya zagi kumbon, ya kwatanta shi da jirgin kwasar shara, sai Scott da kansa ya fara kai naushi. Bayan haka Kirk ya tsare shi da tambaya, har ya ji da kunnensa cewa an zage shi ba a rama masa ba, sai da aka taɓa inji. Ba a faɗi wata kalmar barkwanci ba a wurin. Dariyar ta fito daga sanin da masu kallo suka yi wa mutanen biyu, kamar yadda masu kallon Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi sukan fara dariya tun Samanja bai buɗe baki ba, don sun san abin da halinsa zai sa shi yi. Wannan shi ya bayyana ƙaunar masoya: an saka musu ne da sanin da suka tara mako-mako.

Amsa ta biyu ita ce lissafin wasan gaskiya ne. Spock ya ce dabbobin da ke rumbu sun kai 1,771,561, bisa ƙiyasin cewa ɗaya ce ta shiga, tana haihuwar goma kowane awa 12, har kwana uku. Malami yana iya ba aji wannan su gwada: 11, sai 121, sai 1,331, sai 14,641, sai 161,051, sai adadin da Spock ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Mai kallo yana dariyar mutumin da ke ƙirga a tsakiyar masifa, amma abin da ake ƙirgawa shi ne dokar da kowace annoba take bi. Gerrold ya ce zomayen Ostireliya ne suka ba shi tunanin, waɗanda aka saki 24 cikin 1859, suka yaɗu har suka zama bala'i ga makiyaya.

V

A nan ne ya kamata a sauko daga sama a tafi kudu da birnin Kano, bisa hanyar Zariya. An gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwanta ta manyan hanyoyi zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun 1976 aikin yana hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, kashinsa na farko kuwa an tsara shi bisa kimanin hekta 22,000. Alkama tana cikin manyan abubuwan da aka yi aikin dominsu, ana shuka ta wajen Nuwamba don ta sami sanyin hunturu, a girbe wajen Maris. Da gwamnati ta hana shigo da alkamar waje cikin 1987, har zuwa 1992, a kan irin waɗannan filaye aka ɗora begen ƙasa. Watau abin da wasan ya kafa a wata duniya, cewa ƙasa takan jingina ƙarfinta ga sabon iri da sabon fili, mutanen wannan yanki sun gan shi a ƙofar gidansu. Shi kansa hatsin wasan yana da asali na gaske, tiritikal, auren alkama da wani hatsin ƙasashen sanyi, wanda Jami'ar Manitoba ta Kanada ta dukufa a kan inganta shi tun shekarun 1950.

Wanda ya san wannan noma zai ga abu uku cikin wasan da mai kallon birni yakan tsallake.

Na farko, Baris yana da gaskiya. An tsara shi mai tsiwa da ƙorafi don a yi masa dariya, masoya kuwa sun yi. Amma duk abin da ya ji tsoro ya faru, Kirk kuwa da ya raina gadin hatsi shi ne ya yi sakaci. Manomi ba ya ɗaukar iri a bakin hatsi kurum, gama wanda ya rasa abinci ya rasa na yau, wanda ya rasa iri ya rasa shekara. Ko da yunwa ta matsa, buhun iri shi ne na ƙarshen taɓawa. Wasan ya san haka, shi ya sa ya binne Kirk cikin sakamakon rainin da ya yi, ko da yake bai bar Baris ya fita da mutunci ba.

Na biyu, mai ɓarna ba ya zuwa da mummunar kama. Tsuntsun jan-baki bai kai tafin hannu ba, guda ɗaya abin sha'awa ne, amma in garkensa ya sauka a gonar shinkafa ko alkama sa'ad da ƙwaya ba ta ƙosa ba, sai mai gona da 'ya'yansa su wuni suna ihu, suna jan igiyoyi masu gwangwani. Cikin 2016 wata 'yar tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda asalinta Amurka ta Kudu ne, ta faɗa wa tumatir a Kano da Kaduna, ta ƙone gonaki cikin 'yan kwanaki, har manoma suka laƙaba mata sunan cutar Ebola. Ciyawar kacala kuma ruwan da ba ya yankewa ne ya ba ta wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsaye. McCoy ya faɗi asirin duka cikin wasan, cewa maganin yaɗuwar dabbar shi ne a daina ciyar da ita. Noman rani kuwa ciyarwa ce ta shekara duka: ya kawar da watannin fari da dā suke karya ƙwari, ya shimfiɗa musu abinci iri ɗaya a fili mai faɗi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na uku shi ne gubar. Manomi ya san iri mai jan magani, ya san na shuka ne, ba na tuwo ba. Shekara huɗu bayan nuna wasan, cikin 1971, aka kai ƙasar Iraƙi irin alkama da na sha'ir da aka cuɗa da maganin zaiba. Ya isa a makare, gargaɗin da ke jikin buhuna kuma ba da Larabci aka rubuta shi ba. Mutanen ƙauye suka wanke launin suka yi gurasa. Bisa ƙidayar hukuma mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka mutu a can. Abin tausayi shi ne wasu sun fara gwada hatsin a kan kaji da dabbobi, da suka ga ba abin da ya same su sai suka ci, ba su san gubar takan yi makonni kafin ta nuna ba. Cikin wasa dabba ta mutu da wuri ta ceci mutane. A Iraƙi gwajin ya yaudari masu yinsa. Wanda ya riƙe wannan a zuci ba zai kalli tulin gashin da ya zubo wa Kirk kamar dā ba, gama gawarwaki ne da yawa cikinsa, kuma a madadin manoman sabuwar duniyar suka mutu.

VI

Duk da haka wasan yana da gurabun da bai kamata a rufe ido a kansu ba, masoyansa kuwa ba safai suke ambatonsu ba.

Babu manomi ko ɗaya a cikinsa. Ana gardama a kan hatsi tsakanin soja da ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa da ɗan leƙen asiri, wanda zai shuka shi kuwa ba a gan shi ba, ba a ji sunansa ba. An warware asarar irin da magana guda, cewa wani jirgi zai kawo sabo. Wanda ya taɓa jiran iri ko taki har sanyin alkama ya wuce ya san abin da aka tsallake a nan.

Ƙarshen ma abin dubawa ne. Tura annoba cikin jirgin abokin gaba ya ba da dariya, amma daidai yake da mai korar tsuntsu daga gonarsa zuwa ta maƙwabci, ya koma gida yana cewa ya gama aiki. Marubutan baya sun ji wannan rauni. Cikin kashin 1996 aka sa wani Bakilingone ya ba da labari cewa mutanensa sun ɗauki dabbar a matsayin annoba, suka yaƙe ta har suka hallaka duniyarta ta asali. Cikin 2019 kuma wani gajeren kashi, The Trouble with Edward, ya nuna cewa wani masani ne ya ƙara mata saurin haihuwa da nufin samar da abinci, har ta halaka kumbo. Duk biyun ban dariya ne, duk biyun kuma sun koma sun biya bashin da kashin 1967 ya bari.

Ke nan hukuncin masoya daidai ne, amma bai cika ba. Sun yi gaskiya da suka ƙi yarda cewa dariya ta rage darajar shirin. Sai dai sun riƙe dabbar, sun saki hatsin. Freiberger kuma ya ga dariyar, bai ga abin da take tsaye a kai ba. Kuskurensu iri ɗaya ne ta fuska biyu, gama kowannensu ya ɗauka wasan ya ƙare a ban dariya.

VII

Abin da malamin adabi zai ɗauka daga nan ya shafi aikinsa kai tsaye. In an kawo wasan ban dariya gaban aji, ko na Samanja ne, ko na marigayi Rabilu Musa Ibro, ko tatsuniyar Gizo, tambayar darasi ba ta isa ba. Akwai wadda ta fi ta amfani: mene ne za a rasa cikin labarin in abu ya ɓaci, kuma wa zai rasa shi? In amsar ita ce babu, to, barkwancin na ranar ne, gobe ba a tuna shi. In kuwa akwai rumbu a bayan dariyar, ko mutunci, ko aure, ko kwanan gidan yari, shi ne wasan da akan maimaita shekara da shekaru, ko masu maimaitawar ba su iya faɗin dalili ba. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, aikin mai nazari kuwa shi ne ya nuna wace gaskiya aka faɗa, da wanda aka faɗa wa.

Ya kamata kuma malami ya lura da abin da ɗalibansa suka zo da shi daga gida. Ɗalibin da ya tashi a bakin hanyar ruwa ta Kura ko Bunkure, ya yi gadin tsuntsu yana yaro, ya ga an tsuga tumatir a bakin titi, yana da ma'aunin da masu ƙuri'ar Hugo ba su da shi. In aka tambaye shi darasi kurum, zai maimaita abin da ya ji a bakin malam. In aka tambaye shi wa ke da gaskiya tsakanin Kirk da Baris, zai amsa daga abin da ya sani, amsar tasa kuwa nazari ce.